Dubu 22 da na zuba wa kunnena

Tun shekaranjiya nake son rubuta wannan, kunya ta hana ni. Amma tunda na riga na faɗa wa Yaya, ku kuma mai sauƙi ne.

Duk wanda ya san ni a makarantar nan tamu ta Legas ya san ba na yawo, ba na zuwa gidan kallon ƙwallo. Jarabata ɗaya ce, sauti. Hostal ɗin 'yan mastas ba wurin shiru ba ne, ga janareta, ga masu musun ƙwallo har ƙarfe ɗayan dare. In ban toshe kunne da hedifon ba, ko layi ɗaya ba na iya rubutawa.

Bara na tsinci wata ƙaramar amfilifayar hedifon a Alaba, tokumbo, irin mai bawul. Bawul su ne kwalaben gilashin nan da ke yin ja kamar garwashi a cikin tsofaffin rediyo, tun kafin zuwan tiransisto. Muryar mawaƙi tana fita garau, amma in aka buga babbar ganga sai ka ji kamar ƙwarya ake ƙwanƙwasawa. Babu nauyi ko kaɗan.

Da yake lantarki nake karanta, sai na buɗe ta. A irin wannan amfilifayar, tsakanin bawul da kunnenka akwai kapasito ɗaya a kowane ɓangare. Aikinsa shi ne ya tare tsayayyiyar wutar da ke cikin na'urar kada ta ƙona hedifon, ya bar sauti ya wuce. Matsalar ita ce in ya yi ƙanƙanta, sai ya tare har da kaurin sautin. Nawa 47 µF ne. A lissafin sama-sama, wanda ban saka turjiyar ita amfilifayar a ciki ba, in hedifon mai om 300 ne, sautin zai fara raguwa ne daga wajen 11 Hz zuwa ƙasa, inda kunne ma ba ya kai wa, tunda jin ɗan Adam daga wajen 20 Hz yake farawa. To nawa hedifon mai om 32 ne, don haka tun daga wajen 106 Hz ake fara yanke min. Ashe ba don irin hedifon ɗina aka ƙera ta ba. In na sa 330 µF, lissafin ya sauko wajen 15 Hz. Shike nan, na gano cuta, na gano magani.

Da a nan na tsaya, da ba ku ga wannan rubutun ba.

Sai na shiga karance-karance a intanet, inda masu wannan harka ke rantsuwa cewa in ka canza ƙananan kapasiton da ke tsakanin bawul na farko da na biyu, ka sa masu tsada, wai sauti zai buɗe kamar an ɗaga labule. A daidai lokacin Yaya ya turo min dubu 40 na buga furojet da ɗaurinsa. Yaya tela ne a Gusau, na san keke nawa ya taka kafin kuɗin nan su taru. Na ce wa raina ai Oga bai ma duba babi na biyar ba, kafin nan na mayar. Manyan biyu, Nichicon, dubu 6. Ƙananan biyu, 0.22 µF masu rubutun zinare a jiki, dubu 16.

Ranar aikin na zare filogi, na jira kamar minti biyu, na kai hannu. Wallahi ban san lokacin da na tsinci kaina a jikin gado ba, gwiwar hannu ta bugi ƙarfe, bakina yana ɗanɗanon kwabo. Na'urar nan da wutar da ta haura bolt 200 take aiki, kuma manyan kapasitonta suna riƙe caji ko an zare filogi. Abin da nake koya wa 'yan aji biyu a laburare, shi ni ma na tsallake. Don Allah duk mai taɓa kayan bawul, ya fara zubar da cajin ta razista, ya auna da mita ya ga ya sauka, sannan ya kai hannu. Ya kuma duba ƙafar fulos da ta mainos, da yawan bolt ɗin da aka rubuta a jikin sabon, don in ka juya shi fashewa yake yi.

Na gama dalma, na kunna. Ganga ta dawo ganga, har a haƙorana nake jin ta. Na fara cika baki cewa masu zinaren ne suka yi aiki. Abokin ɗakina, Bayarabe ɗan Ibadan mai karatun ƙididdiga, ya ce, "Malam, ka yarda mu gwada?" Na haɗa tsofaffin ƙananan da sababbin a kan makunni, na juya baya. Ya kashe, ya zaɓi wanda ya ga dama, ya kunna, ni kuma in faɗi wanne ne. Sau goma. Na ci biyar. Ya ce ko kwabo ya jefa sama abin da zai ci kenan. Duk canjin da na ji, na 'yan dubu 6 ne. Sauran kuwa kuɗina nake ji, ba sauti ba.

Kwana uku bayan nan Oga ya sa hannu a babi na biyar, ya ce in kawo kwafi huɗu ranar Litinin. Dubu 18 ne a asusuna.

Na so in ce wa Yaya kuɗin bugu ya tashi. A Legas wa zai musa? Na rubuta saƙon har sau biyu ina gogewa, daga ƙarshe na kira shi na faɗa masa komai. Ya yi shiru, ina jin ƙarar keke a bayansa. Can ya ce, "Auta, shi kafasiton ne zai zauna maka difens?" Na ce a'a, Yaya. Ya ce, "Ba ni da wasu sai bayan ɗinkin sallah. Wutar da ta ja ka, ka je asibiti?" Wannan tambayar ta fi faɗan zafi.

Yanzu dai na manna takarda a ƙofar ɗakina: ana gyaran fanka, caja da ayan. Daga Alhamis zuwa yau na haɗa dubu 9, abokin ɗakina ya ranta min sauran, an buga kwafi huɗu.

Masu zinaren kuma na cire su, na mayar da tsofaffin. Suna nan na sayarwa, lafiyarsu ƙalau. Amma in faɗa maka gaskiya tun kafin ka yi min magana: ni dai ban ji bambanci ba.