Hutun Hunturu a Birnin Malaga

Mai karatu, ko ka taɓa zama a ɗaki ɗaya da ɗan'uwanka na jini, amma ka rasa kalma guda da za ka faɗa masa ya gane? Ni wannan ya same ni, duk da cewa koyar da harshe ce sana'ata. Bari in ba ka labarin yadda abin ya faru.

Ƙanina yana zaune a Malaga, wani birni da ke bakin Bahar Rum a kudancin ƙasar Sifaniya. Karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi, ya yi aure a can har ya sami 'ya mace. Yarinyar ta kai shekara 7 ban taɓa ganin ta ba sai a hoto. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Saboda haka da aka ba mu hutun ƙarshen zangon farko a watan Disamba, sai na shirya na tafi.

Duk wanda ya ji zan je Turai cikin hunturu sai ya tausaya mini. Na shiga kasuwa na sayi rigunan sanyi masu nauyi, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne. Da na sauka, sai na tarar da sararin sama garau, rana tana haskawa, babu ƙanƙara ko kaɗan. Da rana ma'aunin zafi yakan kai digiri 17, da dare ya sauka zuwa 8 ko 9. Dalili shi ne duwatsun da ke arewacin birnin suna tare iska mai sanyi, teku kuma yana riƙe ɗumin da ya tara a lokacin zafi, yana sakin sa a hankali.

Sai dai sanyinsu ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, yana zuwa da ƙura, yana fasa leɓe. Nasu kuwa yana da laima, domin a wannan lokaci ne suke samun ruwan sama. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma. Ina tafe cikin riguna uku, baƙi daga Ingila da Jamus suna zaune a bakin teku da gajeren wando suna shan hantsi. Abin da yake sanyi a wurina, a wurinsu ni'ima ce.

Amma ba sanyi ne ya dame ni ba. Ranar da na isa, yarinyar ta fito ta gaishe ni da Sifaniyanci. Na amsa da Hausa, ta dubi mahaifinta. Na gwada Ingilishi, ta ɓuya a bayan mahaifiyarta. Ƙanina ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, laifina ne. Da sassafe nake fita, ba na dawowa sai dare." Ban ce masa komai ba, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyarmu tana gida tana jiran in koma in ba ta labarin jikarta, wadda aka sa wa sunanta. Me zan ce mata?

A rana ta uku matar ƙanina ta kai mu babbar kasuwar birnin, wadda ake kira Atarazanas. Ƙofarta ta dutse tun ƙarni na 14 take, lokacin da wurin yake matsayin inda ake ƙera jiragen ruwa. Mun tsaya a gaban wani mai sayar da zaitun, sai yarinyar ta nuna da yatsa ta ce wa mahaifiyarta, "Aceituna." Ban san lokacin da na ce, "Zaitun," ba. Ta waiwayo ta dube ni. Na ɗauki ƙunshin sukari na ce, "Sukari." Ta ce, "Azúcar!" Na ɗauki lemon tsami na ce, "Lemo." Ta ce, "Limón!" Sai ta fashe da dariya. Wannan ce dariya ta farko da ta yi mini.

Kada ka ɗauka kamar nan dace ce kawai. Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711, kuma Malaga ba ta fita daga hannunsu ba sai a shekarar 1487. A cikin waɗannan ƙarnoni Larabci ya bar kalmomi masu yawa a Sifaniyanci, kamar yadda ya bar su a Hausa ta hanyar ilimi da fataucin Sahara. Magajin gari a wurinsu alcalde ne, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Inda za mu ce hatta, su hasta suke cewa. Harsunan biyu ba su taɓa yin maƙwabtaka ba, amma sun sha ruwa a rijiya ɗaya.

Daga ranar nan muka sami wasa. Ta nuna abu ta faɗi sunansa, ni ma in faɗi nawa, in rubuta duka biyun a ɗan littafin da ke aljihuna. Da wannan wasa muka zaga gari. Mun hau Alcazaba, tsohuwar fada mai ganuwa da aka gina a ƙarni na 11, inda muka hangi tashar jiragen ruwa. A gindinta akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, wanda ƙasa ta binne har aka gano shi a shekarar 1951. Mun kuma ga gidan da aka haifi shahararren mai zane Pablo Picasso a shekarar 1881. A kan tituna itatuwan lemo sun yi 'ya'ya jawur, amma da na miƙa hannu sai ta yamutsa fuska, na gane cewa masu ɗaci ne.

A bakin teku mun tarar da masu gasa ƙananan kifaye. Suna soke su a tsinke, su jera su kusa da wutar itace da suka hura a cikin tsohon kwalekwale cike da yashi. Na ce mata, "Tsire." Ta ce, "Sire." Na gyara mata har sau biyar, ba ta iya ba. Sai ta nuna yashin da muke tsaye a kai ta ce, "Playa." Na ce, "Filaya." Ita ma ta gyara mini har ta gaji. Ranar na ɗanɗani abin da ɗalibaina suke ji idan harshensu ya ƙi juyawa.

Da dare muka je titin Larios, wanda ake yi wa ado da dubban fitilu saboda bikin Kirsimeti. Jama'a sun cika titin maƙil. Cikin cunkoson sai na ji wani ɗan hannu ya kama nawa. Tsoro take kada in ɓata.

A daren sabuwar shekara suna da wata al'ada. Idan ƙarfe 12 ya yi, agogon dandalin Puerta del Sol da ke Madrid yakan buga sau 12, ana nuna shi a talabijin, kowa ya ci ƙwayar inabi ɗaya a kowane bugu. Tun da yamma ta koya mini ƙirga daga uno zuwa doce, ni kuma na koya mata daga ɗaya zuwa goma sha biyu. Da agogo ya fara bugawa, a na bakwai na tsaya, bakina cike. Ita ta cinye nata sarai, ta ɗaga hannu ta ce, "Goma sha biyu!"

Ranar 5 ga Janairu aka yi jerin gwanon sarakuna uku, waɗanda a al'adarsu su ne ke kawo wa yara kyauta. Ana ta watsa wa yara alawa daga kan motoci. Ta tsinci mai yawa, ta raba biyu, ta ce, "Baffa, alawa." Da can tío take kira na. Washegari, kafin in tafi filin jirgi, muka kira gida. Ta karɓi waya ta ce, "Kaka, ina kwana?" Aka yi shiru a can. Da mahaifiyarmu ta amsa, muryarta tana rawa.

Na ƙirga abin da ke cikin ɗan littafin, na sami kalma 46. Na san kalma 46 ba harshe ba ce, kuma har yanzu yarinyar ba ta iya hira da Hausa ba. Amma kowace Lahadi tana kira, mu ƙara biyu ko uku, mahaifinta kuma ya koma yi mata Hausa a wurin cin abinci.

Mai karatu, idan wata rana ka sami zuwa Malaga cikin hunturu, rigar sanyi ɗaya mai kyau da lema sun ishe ka. Amma kada ka manta da ɗan littafi da biro.