Kafin ka ce babu netwok

A shagon kwamfuta da nake riƙe da shi a Wudil, inda yawancin kwastomomina ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote ne, tambayar da na fi ji ita ce: "Malam, netwok ne?" Shafin rajista ya ƙi buɗewa ko hoton fasfo ya maƙale, laifin dai na netwok ne. Wannan sana'a ta koya mini cewa ciwon kala-kala ne, kuma kwamfuta da kanta za ta nuna maka inda yake in ka iya tambaya.

Takardar da ɗalibi ya aika ba ta tafiya a dunƙule. Kwamfuta tana yanyanka ta zuwa ƙananan fakiti, kowanne bai cika wuce bayit 1,500 ba, ta liƙa masa adireshin inda ya fito da inda za shi, da lambar jeri. Wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar Juma'a ya ga irinsa: shanun mutum ɗaya ake rarrabawa a tireloli daban-daban zuwa Kudu, wata ta riga wata, sai an isa a ƙirga a haɗa. Fakitin da ya ɓace a hanya sai a sake aiko shi. A tsakani akwai na'urorin rauta birjik, kuma babu wadda ta san hanyar gaba ɗaya. Kowace ta san wadda za ta miƙa wa ne kawai.

Saboda haka daga gida nake fara bincike. Ina amfani da ping, ɗan umarnin da wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a 1983. Sallama yake yi, ya jira amsa, ya faɗa maka milisekan nawa aka ɗauka. Da farko ina yi wa rautar shago sallama. In ta yi shiru, matsalar tana ƙarƙashin teburina: waya ce ta saki ko wuta ta ɗauke. In ta amsa, sai in gwada 8.8.8.8 na Google. Daga nan in gwada sunan shafin. Idan lamba ta amsa suna ya ƙi, to DNS ne, wato na'urar da ke mayar da suna lamba, kuma sauya ta ba ya cin minti biyu. Idan sauran shafuka na buɗewa lafiya, ɗaya ne tak ya ƙi, galibi mutane ne suka yi wa sabarsa rubdugu a ranar rufe rajista. A nan nake ce wa ɗalibi: "Ƙanena, kada ka ɓata kuɗin mashin zuwa wani shago, can ma haka za ka tarar."

Wanda ya fi burge ni shi ne tracert, wanda asalinsa Van Jacobson ya ƙirƙira a 1987. Kowane fakiti yana ɗauke da adadin zangon da aka yarje masa. Duk rautar da ya ratsa sai ta rage ɗaya, in ya kai sifili ta jefar da shi ta aiko sanarwa. Sai tracert ya aika mai zango ɗaya, sannan mai biyu, sannan mai uku, kowace rauta ta tona kanta bi da bi. Taurarin da kan fito a wasu layuka kada su firgita ka, wasu na'urorin an saita su ne kada su amsa.

A jerin nan za ka ga inda lokaci ya yi tsalle, galibi nan ne aka tsallaka teku. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a milisekan ɗaya, kebul ɗin MainOne daga Legas zuwa Fotugal kuwa kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa milisekan 70 ke nan, ko nawa ka sayi data.

Ranar 14 ga Maris, 2024, cikin azumi, kebul huɗu suka lalace a teku ta wajen Kwaddibuwa: WACS, ACE, SAT-3 da MainOne. Rautata tana amsawa tsaf, sandunan sabis cike a waya, amma shafukan ƙetare sai rarrafe. Shafukan gida kuwa bai kamata irin wannan ya shafe su ba, domin tun 2006 aka kafa cibiyar IXPN don kamfanonin cikin gida su riƙa musayar fakiti ba tare da sun fita ƙasa ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na bi sawun shafin wata ma'aikata ta Najeriya, na ga fakitin ɗalibin Wudil ya bi ta Legas, ya tsallaka Turai, wani lokaci har Amurka, don kawai ya ɗauko takardar shaidar biyan kuɗi.