Saƙon da na kai Akra

Shekara 17 ke nan ina riƙe da alƙalamin Sarkin Zangonmu. Na rubuta takardun aure da na gado da na sulhu, amma ban taɓa ɗaukar saƙo mai nauyin wanda na kai Akra bara ba.

Wani tela ne cikin jama'armu, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ƙafafunsa suka kumbura, ciki ya tara ruwa, jijiyoyin wuya suka fito ɓaro-ɓaro, numfashi ya gajarta. Ya yi kusan shekara ana ba shi maganin hanta a wani ƙaramin asibiti, 'yan uwa kuwa na raɗa cewa sammu ne. Sai da aka ɗauki hoton zuciya aka gano cewa tantanin da ke lulluɓe da ita ne ya yi kauri ya sandare. Zuciyar ta rasa sararin buɗewa ta cika, jini ya riƙa cunkushewa a hanta da ƙafafu. Tarin tibi ne ya bar masa wannan tabo, kuma shi ne kan gaba wajen haddasa cutar a Afirka. Maganinta tiyata: a buɗe ƙirji a ɓare tantanin.

An tara kuɗi a masallaci, sai baki ya rabu. Wasu dattawa suka ce idan ba zai tashi ba, gara a ajiye wa 'ya'yansa. Magana ce mai ɗaci, amma ban ga laifinsu ba. Sarki ya dube ni ya ce, "Malam, kuɗin jama'a amana ne. Je ka tambayo mana gaskiya."

A cibiyar tiyatar zuciya ta Korle Bu na gabatar da tambayata, da izinin majinyacin. Likita ya ce, "Malam, tabbas ba ya hannuna, amma akwai alamu." Abu na farko shi ne sanadi: wanda gashin kansa ya ƙone masa tantani ya fi kowa shiga haɗari, domin naman zuciyar ma ya taɓu, mai tibi da ya sha maganinsa na wata 6 ya fi shi sa rai. Sannan sukan duba aikin ƙoda da hanta, da gishirin cikin jini, da ko mutum yana haki ko yana zaune. Inda ya fi daɗewa shi ne jinkiri. Zuciyar da ta daɗe a matse takan rame, kamar hannun da ya jima cikin karan ɗori, kuma idan aka sake ta tana iya gazawa a kwanakin farko.

A makarantar zaure an koya mana bambanta da'awar sanin gaibu da karanta alama, kamar yadda manomi ke duban hadari. A nan na ajiye maganar likitan.

Na komo na ce, "Ranka ya daɗe, ƙuruciya da ƙoda suna tare da shi. Hanta da shekarar da aka ɓata ba sa tare da shi, kuma kowane wata na jira ragi ne." Sarki ya yi shiru, sannan ya ce a kai kuɗin.

Kumburin bai sauka nan take ba, sai da ya ɗauki watanni. Yanzu yana hawa keken ɗinki daga hantsi zuwa azahar, ba ya wucewa. Rigar da na sa a sallar layya shi ya ɗinka ta, ya kuma ƙi karɓar ladan aiki.