Zalɓen da Ya Zama Zarto

Tun ina ɗalibi na karanta Hamlet, wasan kwaikwayon da William Shakespeare ya rubuta wajajen shekarar 1600, kuma wani wuri a cikinsa ya daɗe yana ɗaure mini kai. Yarima Hamlet, wanda ake yi wa kallon mai taɓin hankali, ya nuna wa 'yan leƙen asirin sarki cewa hankalinsa bai gushe ba, tunda yana iya bambance shaho da "handsaw", wato zarto. Na ce, yo wane mahaukaci ne zai kasa bambance tsuntsu da kayan aikin kafinta?

Sai daga baya na gano cewa masana da dama suna ganin ba zarto ake nufi ba. A ganinsu, wata tsohuwar kalma ce, "hernshaw", ma'ana zalɓe, furucinta ya karkace. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, "heronceau", wato ɗan zalɓe. A Ingila ta zamanin da, zalɓe tsuntsu ne mai daraja: manya suna farautarsa da shaho, ana kuma cin namansa a manyan walimomi. Marubuci Chaucer ya ambace shi cikin abincin fada tun ƙarni na 14. Idan haka ne, maganar ta fito fili: Hamlet ya san mafarauci, ya kuma san wanda ake farauta. Da wannan farauta ta ja baya, kalmar ta ɓace daga bakin jama'a, sai ɓurɓushinta a karin harshen yankuna irin su Norfolk, inda ake cewa "harnser". Mai karatu na yau zarto kawai yake gani.

Abin da ya tuno mini da ita shi ne, a daminar bana na kai ɗiyata fadamar ƙauyenmu. Wani zalɓe yana tsaye cikin ruwa, ko motsi ba ya yi, yana dakon kifi.

"Baba, ga agwagwa mai dogayen ƙafafu!" in ji ta.

Na yi dariya, amma jikina ya yi sanyi. Mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba, daga nesa take bambance zalɓe da balbela, shamuwa da gauraka. Ɗiyata kuwa ta yi abin da kunnen Bature ya yi: ta mayar da abin da ba ta sani ba wanda ta sani. Laifin kuma nawa ne, domin ni ban taɓa faɗa mata ba.

Ranar ba mu bar fadamar ba sai da ta iya faɗin sunan tsuntsu huɗu.