Ranar tashi, kada a jefa gangunan yaronki saman kaya

'Yar'uwa, duk wadda ta taɓa tashi daga wani gida zuwa wani ta san yadda muke kasa kaya a zuci tun mota ba ta zo ba. Akwai waɗanda ba mu yarda kowa ya taɓa: tangaran, talabijin, madubin sif, keken ɗinki. Akwai kuma na "a jefa a sama", irin su tabarmi da bokitai da kujerar tsakar gida. In kina da yaro mai kiɗa, don Allah kada ki sa gangunansa a kashi na biyu.

Girmansu ne ke ruɗin mutane. Sai ki ji an ce abin da ake duka da sanda kullum, me hanya za ta yi masa? Ganga kuwa wuri ɗaya take jure duka, tsakiyar fata. Sauran jikinta lallaɓawa yake so.

Mun yi shekara 11 a Malali kafin a yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Kano. Yarona na biyu (da ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ni in yi wannan rubutu ba) ya fara kiɗa a cikin 'yan faretin makarantarsu, daga nan ya koma kan setin gangunan zamani. Na hannu muka saya, rabi kuɗin da ya tara, rabi kwasar adashena. Ganguna 5 ne, da faya-fayan tagulla 3, da ƙarafunan da ake kafa su a kai. Daga baya wani dattijon makaɗi ya ba shi kalangu.

Da maganar tashi ta tabbata, yayar maigida ta zo taya ni ɗaurin kaya. Ta dubi gangunan ta ce, "Ke kuwa ku sayar mana. Za ku shiga unguwar mutane da ganguna sai ka ce maroƙa?" Ban ga laifinta ba, haka muka taso, kiɗa na 'yan gado ne. Sai dai ita ɗin nan, in aka sa Shata a mota ba mai sauke murya sai ita ta ga dama, ga shi tun 1999 ya rasu. Muna son kiɗa, ɗanmu ne dai ba mu so a gani da makaɗi a hannu. Ni abin da na duba daban ne. Yaro ɗan shekara 17 za a raba da abokansa da makarantarsa da layin da ya yi wayo a ciki, ba a kuma nemi shawararsa ba. Abu ɗaya da zai iya ɗauka ya tafi da shi ke nan. Na ce, "Yaya, da su za mu tafi."

To ga yadda muka yi, ko zai yi miki amfani.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ɗauki wayarki ki yi wa setin hoto ta gaba da baya da gefe. Yaro zai ce miki ya haddace. Ki dai ɗauka. Notuna da 'yan zobban kowace ganga su shiga ledarsu daban, a rubuta a jiki. Akwai ɗan makullin da ake ɗaure fata da shi, bai kai tsawon yatsa ba. Wannan jakarki ta hannu ce mazauninsa, tare da takardun yara.

Dabarar da ta fi burge ni, ashe tamu ce ta ɗakin girki. Kin san yadda muke jera samira, ƙarama cikin babba? Haka ake yi wa ganguna. Babbar ta ƙasa, wadda ake bugawa da ƙafa, faɗinta yakan kai inci 22. A cire zobenta da fatar gefe ɗaya, a shimfiɗa bargo a ciki, a sa mai bi mata, ita ma a buɗe ta a sa ƙaramar. Tsakanin kowace da kowace a cusa tsofaffin zannuwa da tawul har sai kin girgiza ba ki ji motsi ba. Motsin nan shi ne ɓarna, domin ƙarfen jikin ta ciki zai yi ta gogar katakon ta waje tun daga gadar Kawo har Kwanar Ɗangora. Mai waya a ƙasa, wadda ke ba da sautin "tas", ita kaɗai muka naɗe, bayan an sassauta wayoyin an sa kwali tsakaninsu da fata.

Inda za ki sa ido sosai shi ne bakin gangar, wato gefen katakon da fata ke zama a kai. Yarona ya sa na shafa da yatsa, na ji an fere shi siriri, sumul. Ya ce, "Umma, fata in ta fashe sai a sayi wata. Nan in ya lotsa, ko wa ya ɗaure ta ba za ta sake yin daɗi ba." Don haka duk bakin da aka buɗe sai da muka kewaye shi da soson katifa kafin a mayar da fata da zobe, a ɗaure sama-sama. Sosan da manyan kwalaye a Fanteka muka samo, kwalin firji ya fi kauri. Barguna kuwa na gwanjo ne daga Kasuwar Bacci, kada ki ɓata na gadonki.

Faya-fayan tagulla suna kama da murfin tukunya, amma ba su da haƙurinsa. Daga gefe suke fara tsagewa, ko daga hudar tsakiya, tsagar kuma ba ta tsayawa, kullum ƙaruwa take. A jera su babba a ƙasa, tawul tsakanin kowane biyu, a kwalinsu su kaɗai, kada a ɗora musu ko buhun gawayi. Ƙarafunan kafawa da abin takawa a naɗe su a tabarma a ɗaure. Kada a yarda wani ya zura su cikin ganga wai don a rage wuri.

Kalangu kuma ba a mota ɗaya ya tafi da su ba. Fatar setin zamani roba ce, ta kalangu fatar dabba ce siririya, tana jin yanayi kamar jikin mutum: damina ta sake ta, hunturu ya busar da ita har ta tsage. Ga ƙugunsa siriri, ga tsarkiyoyin da ake matsawa a hammata, waɗanda in kaya ya danne su tsawon tafiya sai su ja fatar fiye da kima. A cikin Agusta muka tashi, kin kuwa san ruwan Kaduna a watan nan. Zane na naɗa masa, ba leda ba, saboda leda na tara gumi, mai shi kuma ya rungume abinsa a cinya a ƙaramar mota.

Sai ranar lodi. 'Yan dako ba mugaye ba ne, sauri suke yi, kuma duk abin da ya yi zagaye a wurinsu na mirginawa ne. Na tsaya a bakin motar da kaina. Direba ya ce, "Hajiya, waɗannan ba su da nauyi, a sama za su zauna." Na ce, "Malam, a sama rana ce da ruwa da igiya." Igiyar nan da ake ja da ƙarfi a kan tamfol ita ke lanƙwasa ganga ta daina zama da'ira. Can gaba aka sa su, jikin kan mota inda jijjiga ta fi sauƙi, katifa ta wannan gefe, katifa ta wancan, nesa da janareto da tukunyar gas. Tafiyar ta haura kilomita 200, ta Jaji da Zariya, kowane rami kuwa kayan baya ne ke shan sa. Na ƙara wa yaran motar ɗan na goro, na kuma karɓi lambar direban.

Da muka isa, ba a ƙasa aka ajiye su ba. Sabon gida ba ki san inda yake yoyo ba, ba ki san hanyar gara da ɓera ba, ɓera kuwa yana son fatar kalangu. A kan benci suka kwana biyu, sannan ya ɗauko hotunan wayata ya fara haɗawa. Noti ɗaya ne ya ɓace, shi ma daga baya ya fito daga cikin bargo.

Kafin ya buga ko sau ɗaya, na yafa mayafina na shiga maƙwabta gida uku, na gaisa, na gaya musu akwai mai kiɗa a gidan, na tambayi lokacin da ba zai takura musu ba. Gidan da ke jikin namu akwai tsohuwa marar lafiya, sai muka tsaya a kan ƙarfe 4 zuwa 5 na yamma, ranar Asabar da Lahadi, da tawul a kan fatun don rage ƙara.