Takobi a Agadas, Kallo a Sabon Gari

Juma'a, 22 ga Disamba 2023

Yau aka buɗe gasar kokawar takobin ƙasa a Agadas, karo na 44, yau ɗin kuma sojojin Faransa na ƙarshe suka fice daga Nijar. Bayan sallar Juma'a muka hallara a rumfar mai shayi, ɗan Madawa, inda 'yan Nijar na wannan layi ke zama. Ya ɗaura eriyar tauraro a kan langa-langa, Télé Sahel tana shigowa tar. Kafin a nuna fage sai da aka yi ta labarin tafiyar Faransawa. Wani dattijo ɗan Damagaram ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Telan da ke kusa da ni, ɗan jam'iyyar Tarayya ne tun zamanin Mahamadou Issoufou, bai ce uffan ba, ya ci gaba da juya cokali a kofi.

Asabar, 23

Na buga wa Inna waya a Tawa. Ta ce shinkafa da magani sun yi tsada, wuta kuma sai an gan ta. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyakar Illela da Ƙonni, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Kuɗin cefane yanzu sai in ba ɗan canji naira a kasuwa, ya kira yaronsa can ya miƙa wa ƙanena sefa. Naira ta faɗi, abin da da yake kai jika goma yanzu bai kai ba. Takardar kuɗin ma wuya take a nan, mai POS sai ya yanki nasa kafin ya ba ka naka.

Inna ta ce, "Ɗan nan, yaushe za ka leƙo mu?" Na ce sai an buɗe hanya. Masu babur na bi ta daji, amma ba da kayan mutane a hannuna ba.

Lahadi, 24

Gardama ta yi zafi. Telan ya ce kotun Cedeao ta ba da umarni tun ran 15 ga wata a saki hamɓararren shugaba Bazoum, har yau yana tsare. Dattijon ya ce wace kotu, ta waɗanda suka hana mu magani? Muryoyi suka tashi har Alhaji mai gidan da muke haya, Basakkwace, ya leƙo ya ce, "Ku bari hakanan, malamai. Tiani da Tinubu ba su san kuna nan ba." Can aka ji kalangu daga talabijin, ɗan kokawar Tawa ya shigo fage. Nan take telan da ɗan Madawa, da ba su gaisa da safe ba, suka koma benci ɗaya suna yi wa 'yan Maraɗi tsiya.

Litinin, 25

Kirsimeti. Shagunan Inyamurai a rufe, layin ya yi fayau, sai yara cikin sababbin kaya suna komawa daga coci. Maƙwabciyarmu mai sayar da kayan roba ta aiko mana da shinkafa da kaza. Ɗanta ya zauna kallo tare da mu, yana tambaya me ya sa ake ɓata lokaci haka kafin a kama. Na yi masa bayani: jihohi takwas ne, kowace da 'yan kokawa goma, wanda duk aka kayar ya fita daga neman takobi. Saboda haka ba mai gaggawa. Za ka ga mutum ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya shafa a hannu, ya taɓa layun da ke damtsensa, ya kewaya abokin karawa yana kaɗa masa yatsu a fuska. Kaye kuwa ƙiftawar ido ne, gwiwa biyu ko baya ya taɓa ƙasa an gama.

Talata, 26

Dare ya raba mu. Samari sun tafi gidan kallon ƙwallo, Manchester United ta farke biyu ta ci Aston Villa uku da biyu, ihunsu har nan. Sun dawo suna yi mana ba'a cewa Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, ba za ta je Kodibuwa gasar Afirka ba. Gaskiyarsu, rabonmu da ita tun 2013. Ɗan Madawa ya ce ba komai, Super Eagles ma tamu ce, a nan muke cin tuwo.

Alhamis, 28

An ɗauke wuta ana tsakiyar karawa. Muka yi karo-karo aka sayo lita ɗaya ta fetur, janareto ya ƙi tashi. Aka jingina waya da gwangwanin madara, mutum kusan ashirin a kanta, muna bi ta Facebook, hoto na tsayawa daidai lokacin da ake ɗaga ƙafa. Da asuba kuma kowa da rediyonsa. Mu a nan muna jin RFI Hausa daga Legas, 'yan gida kuwa tun Agusta aka toshe musu ita. Har ya zama ƙanena ni yake tambaya abin da ke faruwa a Yamai.

Lahadi, 31

Ranar takobi. Tun la'asar rumfa ta cika, kuma rabin masu kallon Sakkwatawa ne, har da Alhaji da kujerarsa. Ya ce yana yaro aka fara gasar nan a Tawa, a 1975, kuma a garinsu ma bayan girbi haka ake yi. Kadri Abdou, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka na Dosso, ya sake ɗaukar takobin, na shida ke nan. Zabarmawan layinmu suka yi ta rawa a titi, mu 'yan Tawa muka biya musu shayi don haka aka yi alkawari. Dattijon da telan sun koma kan maganar Bazoum tun ba a kashe talabijin ba. Gobe da sassafe zan je wurin ɗan canji, Inna na jiran kuɗin wata.