Bashin da Na Ɗauko a Bakin Rafin Salanta

Kwaɗayin takarda ne ya kai ni karatun digiri na biyu a fannin nazarin halittu. Ina koyarwa a wata sakandare a lokacin, abokan karatuna sun yi gaba, wasu har an fara kiran su Dakta, ni kuwa raina yana sosuwa duk sanda muka haɗu a ɗaurin aure. Da aka ce kowa ya kawo abin da zai bincika, sai na zaɓi dagwalon masana'antun Kano, don kawai na ga mutane da yawa sun yi rubutu a kai, ba zan sha wahalar neman abin kwafa ba. Ban taɓa tsayawa a bakin ko ɗaya daga cikin rafukan da dagwalon ke bi ba kafin in rubuta sunayensu.

Duk Bakano ya san warin, amma ba kowa ya san inda ruwan yake zuwa ba. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya tafi har madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya gangara kogin Challawa. Masana'antun Challawa kuwa, can wajen Panshekara, a gaɓar kogin suke, kogin da ke haɗuwa da kogin Kano kusa da Tamburawa, inda ake tace ruwan da birni yake sha. Daga cikin masana'antun nan akwai na jima, wadda tsohuwar sana'ar Kano ce. Fatar jar akuya da ake jemewa da bagaruwa ta ƙetare Sahara tun zamanin ayari, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Jimar kamfani daban take. Ana jiƙa fata da gishiri, a zube gashin da farar ƙasa da sinadarin salfa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sannan a jeme ta da kuromiyam, wanda ke mayar da ita shuɗi-shuɗi. Abin da fata ba ta sha ba, magudana yake bi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha.

Da rani na fara ɗibar samfuri. Nakan je da hantsi, bayan na gama darasin farko, da robobi da safar hannu. A gefen Salanta akwai wani dattijo mai lambun latas da alayyafo, ta cikin lambunsa nake ratsawa. Ranar farko ya tsaya yana kallo na, ya ce, "Malam, in ruwan kamfani kake nema, ba yanzu yake zuwa ba. Ka zo da asuba, ko bayan isha'i. Wani lokaci fari fat yake zuwa, wannan ƙona ganye yake, ba ma tayar da inji sai ya wuce. Wani lokaci ja, wani lokaci kore."

Na ce, "To, Baba, na gode." A zuciyata kuwa cewa na yi, me wannan ya sani game da ɗibar samfuri? Ko rubutawa ban yi ba. Da zan tafi ya roƙe ni abu guda: in an auna, in zo in gaya masa abin da aka gani, don 'ya'yansa ne suke shiga ruwan har gwiwa. Na ce in Allah ya so zan dawo.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajena shi ne na albasa, dabarar da wani masani ɗan Siwidin, Albert Levan, ya fara amfani da ita a 1938. Za ka kankare busasshiyar saiwa, ka ɗora gindin albasa a bakin kwalba yana taɓa ruwan da kake zargi, wata kuma a kan ruwa mai tsabta. Bayan 'yan kwanaki ta ruwa mai kyau za ta zubo da saiwa fara, doguwa, miƙaƙƙiya. Ta ruwa mai guba kuwa saiwarta guntuwa ce, ta murɗe, bakinta ya yi ruwan ƙasa. Sai ka yanki bakin saiwar, ka rina shi, ka danne tsakanin gilashi biyu, ka duba a madubin ƙara girma yadda ƙwayoyin halitta ke rabuwa, ko zaren gado ya tsinke ko ya manne. Aiki ne mai arha, mai kuma nuna gaskiya.

Nawa dai ya ƙi tsayawa. Samfurin wannan mako ya kashe saiwa, na wancan makon, daga wuri guda, kusan babu bambanci da ruwan famfo. Sakamakon awon ƙarafa da na biya kuɗi aka yi mini shi ma haka, yau sama, gobe ƙasa. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa: na ware alƙaluman da suka dace da abin da magabata suka rubuta, na ɓoye sauran, na kai wa malamin da ke duba aikina. Na lallashi kaina da cewa ai ban ƙirƙiri komai ba.

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce in miƙo littafin da nake rubutu a bakin rafi. Ya buɗe, ya ga abin da na cire. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, da ƙarfe nawa kake ɗibar ruwan nan?"

Na buɗe baki zan amsa, sai muryar dattijon nan ta faɗo mini. Jikina ya yi sanyi. Kamfani ba ya sakin ruwa iri ɗaya dare da rana. Kowane mataki na jima da nasa ruwan, ana kuma zubar da shi ne idan an gama da shi. Alƙaluman da na ɓoye su ne ainihin binciken, su ne suke gaya mini cewa rafin yana sauyawa daga sa'a zuwa sa'a. Mutumin da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba ya ba ni wannan a kyauta tun ranar farko, na raina shi saboda ƙafarsa da taɓo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tabbata wasu masu karatu sun taɓa yi wa wani irin wannan "to, na gode" ɗin, manomi ne, ko majinyaci, ko mahaifiyarsu.

Na sake aikin daga farko, ina ɗiba a lokuta daban-daban. Dattijon ya riƙa raka ni da tocila. Na kuma gyara wani kuskuren: na rubuta kamar duk kuromiyam ɗin da aka auna shi ne nau'in da ke jawo sankara, alhali majemu da nau'i na uku suke aiki, mai mugun haɗarin kuwa na shida ne, awon da na yi kuma jimilla kawai yake bayarwa. A ƙarshen kundin na ba da shawara a hana noman rani da ruwan rafin. Ban tambayi kaina da wane ruwan za su yi noma ba. Dokar da ta wajabta wa masana'antun fata da na yadi su tace ruwansu tana nan tun 2009, ƙarƙashin hukumar NESREA da aka kafa a 2007, amma alƙalamina sai ya fi saurin sauka a kan mai lambu.

Na kare kundi, aka tafa, aka ɗaure shi da baƙin bango, aka ajiye a kanta. Ban koma ba. Kullum ina cewa sai na sami sarari. Ga shi kuwa ina da abin faɗa masa da Hausa cikin ɗan lokaci: yara su sa takalmin roba, a dakatar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin a cire ganye don ƙwayoyin cuta su ragu, kuma ganye irin latas da alayyafo sun fi tumatir tara ƙarafa, saboda haka a nisanta su da bakin rafi. Gubar dalma da aka gano a Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400, kuma sai da aka shiga ƙauyukan aka yi wa iyaye bayani, aka kwashe ƙasar gidajen, sannan mace-macen suka ja baya. Na san wannan, amma na zauna.

Da na je daga baya, an yanka lambun fuloti-fuloti, an fara gini. Waɗanda na tambaya ba su san inda ya koma ba.

Ku da kuke shirin karɓar fom ɗin digiri na biyu, da ku malamai masu duba aiki, ina roƙon ku: ku sa ranar komawa cikin jadawalin bincike, ku ware mata kuɗin mota kamar yadda kuke ware na sinadari. Ku rubuta sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, ku kai wa mai unguwa da masu lambun da kuka ratsa ta gonarsu, tun kafin a kira ku kare kundi.